Littafin da Ya Zama Doki

A kowace shekara, idan watan Agusta ya kama, birnin Edinbara na ƙasar Sikotland, wanda a sauran watanni aka san shi da natsuwa da sanyi da gine-ginen baƙin dutse, yakan cika ya batse da 'yan wasa da 'yan kallo har tsawon mako uku da 'yan kwanaki, ta yadda da wuya a sami ɗaki mai ƙofa wanda za a iya jera kujeru ashirin a cikinsa, ko na ƙarƙashin mashaya ne, ko ajin jami'a, ko zauren coci, face an mai da shi gidan wasa. Asalin abin kuwa a 1947 ne, shekara biyu bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka shirya wa birnin babban biki na kiɗa da wasan kwaikwayo, aka gayyato gwanaye daga ƙasashe, sai ga wasu ƙungiyoyi takwas waɗanda babu wanda ya aika musu da goron gayyata sun iso, suka nemi ɗakuna a gefe suka yi nasu. Daga wannan kutse aka sami bikin 'yan gefe da ake kira Fringe, wanda har yau ƙa'idarsa ita ce babu wani kwamiti mai tace wanda zai yi wasa, duk mai kuɗin hayar ɗaki da ƙarfin halin tsayawa gaban jama'a ƙofa a buɗe take gare shi. Ɗan kutsen ya girma har ya fi mai gida, domin a 2019 wasannin da aka nuna sun haura 3,800, tikitin da aka yanka kuma ya wuce miliyan 3.

A cikin wannan taro akwai wani jinsi na masu ban dariya wanda shi ne maƙasudin wannan rubutu, watau mutum biyu abokan juna, waɗanda maimakon su yi wa 'yan siyasa ba'a ko su ba da labarin surukai kamar yadda galibin 'yan barkwanci suke yi, sai su hau dandamali su gina wata duniya wadda ba ta bin tsarin da muka saba, su zauna a cikinta da fuskar gaske. Julian Barratt da Noel Fielding, waɗanda suka kawo wasansu mai suna The Mighty Boosh a 1998 suka karɓi kyautar Perrier ta sababbin shiga, sun fito ne a matsayin ma'aikata biyu na gidan namun daji, ɗaya mai ji da kai yana ganin shi masani ne wanda duniya ta kasa gane darajarsa, ɗaya kuma ɗan gayu wanda ba abin da ya dame shi sai gashin kansa da tufafinsa. Da wasan ya koma talbijin na BBC daga 2004, sai da aka ga goggon biri yana hira da mutane, farin wata kuma yana surutu daga sama. Shenoah Allen da Mark Chavez, mutanen Albuquerque ta Amurka, waɗanda ake kira Pajama Men, su kuwa cikin kayan barci suke fitowa, ba su da kayan aiki sai kujeru biyu, amma cikin sa'a ɗaya sukan zama mutane da dabbobi masu yawa ta hanyar sauya murya da tsayuwa kawai, har 'yan kallo su yarda cewa jirgin ƙasa cike da fasinjoji yana gabansu. Sana'a ce mai wahala: sa'a ɗaya kowace rana kusan wata guda, da rana kuma su ne a titin Royal Mile suna raba takardun talla ga masu wucewa, da yawansu su koma gida da bashi, wasu kuma, bisa tsarin wasan kyauta da Peter Buckley Hill ya kafa a 1996, su tsaya a bakin ƙofa da bokiti bayan an tashi.

Tambayar da nake so in bi sawunta kashi biyu ce, ko da yake ɗaya a cikin ɗaya take. Mene ne yake sa mutum mai cikakken hankali, wanda ya san sarai cewa kujera kujera ce kuma wata ba ya magana, ya biya kuɗinsa ya zauna cikin ɗaki mai zafi yana dariya har da hawaye domin an nuna masa akasin haka? Sa'an nan mene ne matsayin wannan dariya ga wanda ya yi imani cewa za a tambaye shi game da lokacinsa da harshensa? Masu gaggawa da ta biyu suke farawa, su ce lagwu ne da ƙarya, su rufe babin. Amma malaman usulu sun koya mana cewa hukunta abu reshe ne na fahimtar surarsa, saboda haka ya kamata mu san abin da mutanen nan biyu suke yi tukuna, kafin mu ɗauko ma'auni.

Duk almajirin da ya durƙusa gaban malami a zaure ya ɗauki Ummul Barahina ta Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, malamin Tilimsana wanda ya rasu a 1490, ya san cewa littafin yana buɗewa ne da kasa hukuncin hankali gida uku. Akwai wajibi, abin da ba makawa sai ya kasance, kamar a ce biyu ta fi ɗaya yawa. Akwai mustahili, abin da ba ya taɓa yiwuwa, kamar jiki guda ya zama yana motsi yana kuma tsaye cik a lokaci guda ta fuska guda. Sauran kuwa duka ja'izi ne, hankali bai tilasta samuwarsa ba, bai kuma hana ta ba. A wani littafin nasa, Muƙaddimat, Shehun ya raba wannan da hukuncin al'ada, watau abin da muka yanke saboda mun ga ya maimaitu, irin ƙunar wuta da yankan wuƙa da ƙoshin abinci. Mazhabar Ash'ariyya, wadda ita ce aka raini zaurukanmu a kanta, tana cewa haɗin da ke tsakanin wuta da ƙuna ba na dole ba ne, Allah ne yake halittar ƙunar a yayin haɗuwar, kuma in Ya so Ya raba su, kamar yadda Ya yi wa Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Almajiri yakan haddace wannan tun yana ƙarami, amma kaɗan ne suke jin nauyinsa a zuciya, domin zuciya, ko da baki ya furta ja'izi, wajibi take ɗaukar duk abin da ta wayi gari ta tarar jiya da shekaranjiya.

Wanda ya fi kowa shimfiɗa wannan mas'ala shi ne Imam Gazali, Allah Ya ji ƙansa, wanda ya rasu a 1111, a mas'ala ta goma sha bakwai ta littafinsa Tahafutul Falasifa, inda ya buga misali da auduga da wuta. Abin da ya fi ɗaukar hankali a wurin, a ganina, shi ne sukan da ya kawo da kansa a madadin abokan jayayyarsa, kuma bai rage masa kaifi ba. Ya ce za su ce: in dai babu haɗin dole tsakanin sababi da abin da yake haifarwa, to mutumin da ya bar littafi a gida ya fita ba shi da ikon tabbatar da cewa littafin yana nan, domin watakila kafin ya komo ya rikiɗa ya zama yaro mai hidima, ko kuwa doki wanda ya riga ya ɓata ɗakin karatun da fitsari da kashi, tulun ruwan da ya ajiye watakila ya zama itacen tuffa, baƙon da ya gani yanzu kuwa, in an tambaye shi ko haifarsa aka yi, sai ya yi jinkirin amsawa, domin ta yiwu ɗaya daga cikin 'ya'yan itatuwan kasuwa ne ya zama mutum. Jawabin Imam shi ne, na'am, dukkan waɗannan ja'izai ne a hankali, sai dai Allah Ya halitta mana sanin cewa ba Ya aikata su, kuma gudanar al'ada sau bayan sau ya kafa wannan sani a zukata ta yadda ba ya raurawa.

Ba ina nufin Hujjatul Islam Gazali ɗan barkwanci ba ne, Allah Ya kiyashe ni da rashin ladabi. Amma duk wanda ya san irin wasannin da na ambata, in ya karanta wannan shafi, zai ga cewa mutumin da ya komo gida ya tarar da doki a mazaunin littafinsa, yana kuma ƙoƙarin bayyana wa maƙwabcinsa abin da ya faru, zai ishi mutum biyu da kujeru biyu cika sa'a guda a Edinbara. Kuma a lura da aikin da aka sa wannan misali ya yi a cikin jayayyar. Masu sukan sun kawo shi ne domin ya ba da dariya, suna ganin cewa in mai karatu ya yi dariya to an gama, an tabbatar da cewa maganar ɓatacciya ce. Imam kuwa ya ƙi karɓar dariya a matsayin burhani, domin abin da take shaida kawai shi ne ba mu saba ganin abin ba, alhali tsakanin abin da ba a saba ba da abin da ba ya yiwuwa akwai tafiya mai nisa. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma a wannan babi dukkanmu a ɗaure muke, malami da jahili. Dariyar da ke kuɓuce mana idan aka ce kujera ta zama doki ita ce jin da muke yi an fizgi igiyar.

Daga nan za a gane iyakar filin da waɗannan 'yan wasa suke kiwo a cikinsa. Suna iya sa wata ya yi magana, su sa biri ya yi shawara da mutum, domin waɗannan duka hankali yana iya suranta su. Amma babu ɗan wasan da ya taɓa nuna wa 'yan kallo abu guda wanda yake samamme kuma rasasshe a lokaci guda, ba don ƙarancin gwaninta ba, sai don mustahili ba shi da surar da za a kwaikwaya. Mafi kusa da haka da aka yi shi ne shahararren guntun wasan nan na John Cleese da Michael Palin, na ƙungiyar Monty Python, wanda aka nuna a talbijin a 1969, inda wani mutum ya komo kanti da akun da ya saya yana ƙorafin cewa matacce ne, mai kantin kuwa ya kafe cewa hutawa yake yi, yana kawo uzuri bayan uzuri, alhali tsuntsun a sandare yake. A nan haɗa rai da mutuwa a bakin mai kanti kawai ya tsaya, hankalin 'yan kallo bai taɓa karɓarsa ba, kuma ƙin karɓar nan shi ne mafarin dariyar. Watau ko a tsakiyar shirmen, wajibi da mustahili suna nan daram, al'ada kaɗai ake wasa da ita.

Sai dai akwai wani malami da ya kamata a ba shi haƙƙinsa a wannan mahawara, shi ne Ibnu Rushdi, alƙalin Kurɗuba, mai Bidayatul Mujtahid, wanda ya rasu a 1198, ya kuma mayar wa Gazali martani a littafinsa Tahafutut Tahafut. Abin da ya tsaya a kai shi ne, wanda ya kore sababai ya kore ilmi, domin sanin abu shi ne sanin ɗabi'arsa da abin da take haifarwa, kuma wutar da ba a dogara da ƙunarta ba ta cancanci sunan wuta ba. Abin mamaki shi ne sana'ar barkwanci tana ba shi gaskiya ta wata fuska, domin duk gwanin wannan fanni ya san cewa shirme tsantsa ba ya ba da dariya, gundura yake kawowa, kuma a kowace shekara akwai ɗakuna a Edinbara inda wasu samari biyu suke ihu suna sa hulunan ban mamaki, 'yan kallo shida suna duban agogo. Gwani yakan yi ne kamar masaƙin da ya zare zare ɗaya tak daga cikin saƙi ya bar sauran a ɗaure tamau, domin a ga gurbin. Peter Cook da Dudley Moore, waɗanda suka fara haɗuwa a wasan Beyond the Fringe da hukumar babban bikin ta shirya a 1960 domin ta yi gogayya da 'yan gefe, suna da wani guntun wasa inda Moore yake shigowa yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana neman a ɗauke shi ya fito a fim a matsayin Tarzan, gwarzon daji mai gudu da hawan itatuwa. Zare ɗaya ke nan da aka cire. Sauran kome yana bin ƙa'idar ofis da ladabin Ingilishi: Cook yana yaba ƙafar da take nan, yana nuna takaicinsa game da wadda babu cikin lafazi mai taushi, yana ba shi fatan cewa in ba a sami mai ƙafa biyu ba za a tuna da shi. Abin dariyar ladabin mutumin da ya kasa faɗin abin da kowa yake gani ne, kuma da an rushe ladabin tare da sauran, da babu abin da zai rage.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa suke zama biyu. Mutum ɗaya da ya tsaya gaban jama'a ya ce wata ya yi masa magana jiya, ɗayan abu biyu za a ɗauke shi, ko mahaukaci ko maƙaryaci. Amma da zarar na biyu ya amsa masa da gaske, ya tambaye shi abin da watan ya ce, to magana ta tashi daga da'awar mutum guda ta zama labarin da aka shaida, kuma 'yan kallo, ba tare da an nemi izninsu ba, sun zama su ne baƙi a garin da kowa ya san wata yana magana. Shari'a ta san wannan ɗabi'a ta ɗan Adam, shi ya sa ta nemi shaidu biyu a mafi yawan haƙƙoƙi, kuma in mutum ya bincika abin da yake kira saninsa zai tarar cewa kaso mai yawa labari ne wanda ya karɓa domin ya ga wasu sun karɓa. A tsohon salo, irin na Laurel da Hardy ko Morecambe da Wise, ɗaya daga cikin biyun yana riƙe da al'ada a madadin 'yan kallo, yana ɓata rai idan abokinsa ya keta ta. A sabon salon da muke magana a kai, shi ma mai riƙon ya kamu, ta yadda ba ya mamakin cewa dabba ta yi magana, damuwarsa ita ce ko dabbar tana ganin girmansa. Amma duk da haka jayayyar nan ta mai cewa kome yana yiwuwa da mai cewa abubuwa suna da ɗabi'unsu ba ta gushe tana gudana tsakaninsu ba, kuma ba a barin ɗaya ya yi rinjaye, domin ranar da ya yi, wasa ya ƙare.

Akwai wurin da dariyar take juyewa ta zama tsoro, kuma a bikin Fringe aka fara nuna wani wasa da ya bayyana haka, a 1966, sa'ad da ɗaliban Oxford suka gabatar da wasan Tom Stoppard a kan Rosencrantz da Guildenstern, fadawa biyu marasa muhimmanci waɗanda ya aro daga Hamlet na Shakespeare. Wasan yana buɗewa suna jefa kwabo sama suna caca, kwabon kuwa yana faɗowa ta fuskar kan sarki, sau bayan sau, har sau 92 a jere. Ɗaya yana ta zuba kuɗi a jakarsa hankalinsa kwance, ɗayan kuwa hankalinsa ya tashi, yana neman dalili ta kowace hanya. Babu jifa ko ɗaya a cikin waɗannan da ya saɓa wa hankali, kowanne ja'izi ne tsantsa, amma tarinsu ya isa ya girgiza amincin da mutum yake da shi ga duniya. 'Yan kallo suna dariya domin suna zaune a kujerun da suka tabbata ba za su rikiɗa ba. Wanda abin yake faruwa a kansa ba ya dariya.

To, yanzu ga mas'alar hukunci. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito narko mai tsanani ga wanda yake yin ƙarya domin ya ba mutane dariya, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin raha amma ba ya faɗin sai gaskiya, kamar mutumin da ya roƙe shi abin hawa ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya rasa abin da zai yi da ɗan taguwa, sai aka tunasar da shi cewa kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Bisa wannan wasu malaman zamani suka hana wasan kwaikwayo ɗungurungum, wasu kuma suka halatta shi da sharuɗɗa, kuma ni ga na biyun na karkata, ko da yake ba fatawa nake bayarwa ba. Ƙarya labari ce da aka bayar saɓanin yadda abu yake domin mai ji ya gaskata, mutumin da ya fito cikin kayan barci ya ce kujera doki ce kuwa bai ba kowa labari ba, cewa ya yi mu ƙaddara, kuma wanda ya yanki tikiti ya riga ya amsa cewa ya ƙaddara. Fuƙaha'u sun cika littattafai da mas'alolin ƙaddarawa waɗanda ba su taɓa aukuwa ba, kuma ɗaruruwan shekaru ke nan Zaidu yana dukan Amru a littattafan nahawu, ba a ji alƙalin da ya nemi shaidu ba. Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya rubuta muƙamomi hamsin a kan mutum biyu da ya ƙaga, Harisu ɗan Hammamu mai ba da labari da Abu Zaidi Assaruji mai wayo da sauya kama, ya kuma kare kansa a gabatarwa da cewa aikinsa daidai yake da labaran da ake sawa a bakin dabbobi, waɗanda ba a taɓa ɗora wa masu ba da su zunubi ba. Manyan malamanmu kuwa sun karantar da wannan littafi a zaure, tsara bayan tsara, ba su ga aibi ba.

Inda haɗarin yake a wani wuri ne dabam. Bikin da babu mai tacewa dole a sami batsa a cikinsa da izgili ga addini, kuma akwai su da yawa, ɗakuna masu yawa ma a cikin mashaya suke. Wanda ya ce surar wasa halal ce bai ce duk abin da aka zuba a cikinta halal ne ba. Mun san wannan iyaka a gida, domin 'yan kama, waɗanda suke kwaikwayon muryar malamai da salon karatunsu su cika shi da zancen tuwo da nama, kullum a bakin gaɓarta suke tafiya, kuma gwaninsu shi ne wanda ya yi wa kwaɗayin ɗan Adam dariya bai taɓa alfarmar abin da ake karantawa ba. Ta wannan fuska ma salon keta al'ada yana da wata falala a kan sauran barkwanci, domin galibi babu wanda ake ci da namansa, babu giba, babu ƙabilar da aka wulaƙanta, wata da kujera kuwa ba su da mutuncin da za a zubar. Abin da ya rage shi ne yawaitawa. Gazalin nan dai, a cikin Ihya'u, ya lissafa raha cikin afofin harshe, kuma abin da ya zarga shi ne wuce kima da dawwama a kanta, domin hadisi ya zo cewa yawan dariya yana kashe zuciya. Sa'a guda a shekara da mutumin da ya mai da dukkan darensa haka ba hukuncinsu ɗaya ba.

A kan titin nan da 'yan wasa suke raba takardunsu akwai mutum-mutumin tagulla na David Hume, ɗan garin, wanda aka haifa a 1711 ya mutu a 1776, masu wucewa suna shafa babban yatsan ƙafarsa domin neman sa'a har ya yi ƙyalli, abin da da shi kansa ya fara yi wa dariya. Wannan mutum, fiye da shekara ɗari shida bayan Gazali, ya isa ga rabin maganarsa ta wata hanya: ya ce idan ƙwallo ta bugi ƙwallo ta biyu ta motsa, abin da ido ya gani biyewa ce kawai, bai ga wani ƙarfi mai tilastawa ba, kuma tsammanin da muke yi cewa rana za ta fito gobe a kan sabo ya ginu. Amma da ya zo babin mu'ujiza sai ya juya wannan sabo ya mai da shi ma'auni, ya ce shaidar mutane ba ta kai ƙarfin da za ta rinjayi abin da aka saba gani ba. A ƙarni na ashirin wasu suka ƙara gaba, irin su Albert Camus a 1942, da masu sharhin wasan Samuel Beckett na mutum biyu masu jiran Godot, wanda aka fara nunawa a Paris a 1953, suka ce tun da tsarin duniya ba na dole ba ne, to ba shi da ma'ana ke nan, wasunsu kuma suka ce dariya ita ce abin da ya rage wa mai hankali.

Ban ga cewa natijar ta biyo muƙaddimar ba. Mutakallimai daga wannan muƙaddima ɗaya suka fitar da akasinta, suka ce abin da samuwarsa da rashinsa suke daidai a hankali, in aka same shi bisa wata sura ban da wata, lalle akwai wanda ya keɓance shi da ita bisa nufi, kuma littafin da ya kwana littafi ya wayi gari littafi yana bukatar bayani daidai da wanda ya zama doki. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Sulaimanu ya yi murmushi yana dariya da ya ji maganar tururuwa, abin da ya biyo bayan dariyar kuwa roƙo ne a kimsa masa godiya. Can keta al'adar ta auku ne a haƙiƙa, a Edinbara kuwa a baki da tunani kawai, kuma wanda ya cakuɗa su ya yi kuskure babba. Abin da mutum biyu da kujeru biyu suke iya kafawa a zuciyar mai kallo muƙaddimar farko ce kaɗai, cewa abin da aka saba ba shi ne abin da ya wajaba ba, kuma suna kafa ta da ƙarfin da haddar almajiri ba ta cika kaiwa ba. Muƙaddima ta biyu, wadda take kaiwa ga Mai keɓancewa, sai an koma ga burhanin da Sanusi ya shimfiɗa a kan faruwar duniya, kuma irin wannan hujja ce Hume ya yi jayayya da ita a littafinsa na muhawara a kan addini, wanda abokansa suka ba shi shawarar kada ya buga yana raye, aka fitar da shi a 1779, shekara uku bayan mutuwarsa.